Yadda Ake Auna Daidaiton Tsayuwa Ga Mai Ciwon Ƙwaƙwalwa Ko Jijiya

A sashen gashi na asibiti, inda ake motsa jikin majinyaci don ya koma aiki, tambayar da 'yan uwan majinyaci suka fi yi ita ce, "Malam, yaushe zai tashi ya kama tafiya?" Ba a iya amsa ta sai an san yadda tsayuwarsa take. Kuma ba a sanin wannan ta hanyar tambayarsa, domin Bahaushe ko yana kwance magashiyan, in ka ce masa ya jiki, "da sauƙi" zai ce maka. Ido ma ba abin dogaro ba ne, abin da ka gani yau ba za ka tuna shi daidai bayan wata guda ba. Shi ya sa ake aunawa, a rubuta da lamba, a sake aunawa ta hanya ɗaya tak.

Na rubuta wannan ne don ɗalibi mai koyon aikin gashi, da ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibiti irin na Gwadabawa ko Wurno ko Tambuwal inda babu na'urori. Masu ciwon da nake nufi su ne mai shanyewar ɓarin jiki, da mai cutar Parkinson da ke kawo karkarwa da sandarewar jiki, da wanda ciwon suga ya kashe wa jijiyoyin ƙafa, da mai rauni a laka, da mai matsala a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara kaɗan ne. Abubuwa uku ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda jiki yake: ido, da wata ma'auniya da ke can cikin kunne, da jin da ke tasowa daga tafin ƙafa da gaɓoɓi. Kamar duwatsun murhu suke, sai dai jiki ya fi tukunya dabara, in ɗaya ya gaza yana iya lallaɓawa da biyu. Yawancin gwaje-gwajen nan dabarar cire ɗaya ce a ga ko sauran za su riƙe.

Kayan aiki

Agogo mai ƙirga sakan. Na wayarka ya isa.

Tef ɗin awo na tela ko na kafinta, da alli.

Kujera biyu masu ƙarfi, ɗaya mai hannu, ɗaya marar hannu. Tsayin mazaunin ya kai wajen santimita 46 daga ƙasa. Kujerar roba ta taron biki tana lanƙwashewa, tana kuma zamewa. In ita kaɗai gare ka, haɗa biyu ɗaya cikin ɗaya ka jingina su da bango.

Ɗamarar riƙe majinyaci. In babu, majanyi mai kauri ko zani da aka ninka aka ɗaure a ƙugu yana yin aikin.

Yankin soson katifa mai tauri, kauri santimita 8 zuwa 10, faɗinsa ya ɗauki ƙafa biyu har da saura. Masu katifa a kasuwa za su yanka maka. Ka sa masa alama, shi kaɗai za ka riƙa amfani da shi, domin sauya soso sauya gwaji ne.

Sikelin awon nauyi guda biyu iri ɗaya, in da hali.

Na'urar awon jini, da ta awon suga in akwai.

Ɗan matakala ko bulo mai tsayin wajen santimita 20, wanda ba ya motsi.

Littafi guda na wannan aikin kaɗai. Da mataimaki, ko ɗan majinyacin ne mai ƙarfi a jika.

1. Duba ko ya dace a gwada shi yau

Auna jininsa yana kwance bayan ya huta minti 5, sannan ka sake aunawa bayan ya tsaya minti 1 da kuma minti 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta faɗi da 10, jininsa ne ke sauka idan ya miƙe. Irin wannan zai yi tangadi ko da jijiyoyinsa lafiya lau, kuma duk lambar da ka samu a ranar ba ta ciwon da kake nema ba ce. Masu Parkinson da masu shan maganin hawan jini sun fi fama da haka.

A Sakkwato wannan mataki ya fi nauyi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Dattijon da aka ɗauko bisa kabu-kabu daga Kware da tsakar rana, bai sha ruwa ba, ko kuma yana azumi, ba shi ne mutumin da za ka gani da safe ba. Ba shi ruwa in ba azumi yake ba, ya huta a inuwa. In so samu ne, ka mayar da duk awonka na safe, tsakanin ƙarfe 8 da 11.

Tambayi magungunan da yake sha, a nuna maka kwalayen. Maganin barci da wasu magungunan farfaɗiya irin su phenobarbitone da phenytoin da carbamazepine suna sa layi. Allurar gentamicin da streptomycin kan lalata ma'auniyar kunne. Tambayi ko ya taɓa yin sanƙarau, domin shi ma yana taɓa cikin kunne, kuma yankin nan ya sha shi, annobar 2017 ta yi ɓarna sosai a Sakkwato da Zamfara. Sannan ka tambaya sau nawa ya faɗi cikin shekara guda, a ina, yana yin me. Kada ka tsaya kan amsarsa kaɗai. Namiji babba ba ya son a ce ya faɗi a bayan gida, matarsa ko ɗansa ne za su gaya maka.

Ka fasa gwajin gaba ɗaya in akwai zazzaɓi, ciwon ƙirji, suga ya sauka, ko karaya da ba ta warke ba. In kuwa rauni sabo ne na yau, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko jiri ya zo farat ɗaya da amai da gani bibbiyu, wannan ba na awo ba ne. A garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, ko babban asibiti mafi kusa.

2. Shirya wuri, ka shirya mutum

Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, busasshiya. Ɗauke tabarma da darduma. Da hunturu ƙura kan kwanta bisa tayil ta mayar da shi santsi, a share a goge a bari ya bushe. Zaɓi kusurwar ɗaki, bango a gefe guda, kujera a bayan majinyaci.

Babbar riga tana ɓoye duk wani layi da jiki ke yi, a cire ta, a naɗe ƙafar wando zuwa ƙwauri. Mace ta ɗan ɗage zani ya bar idon sawu, dogon hijabi kuma a sauya shi da gajere don kada ta taka. In kai namiji ne kana gwada mace, ka nemi izini, ka bar 'yarta ko ma'aikaciya mace ta tsaya wajen ɗamarar, kai kana kusa. Wadda ke jin kunya ƙanƙame jiki take yi, sai ka rubuta mata abin da ba nata ba.

A cire silifas. Ko dai ƙafa tsirara, ko takalmi mai rufe dunduniya, amma wanda ka zaɓa yau shi za ka maimaita kullum.

Tsaya a gefen da ya fi rauni, ɗan baya kaɗan, ƙafafunka a buɗe, hannunka kusa da ɗamara ba tare da ka taɓa ba. Nan ne sababbi suka fi kuskure. Tausayi kan sa su ɗora yatsa a kafaɗar majinyaci, alhali taɓawar yatsa ɗaya ma tana rage layin jiki, domin ta ba ƙwaƙwalwa wani labari na huɗu. Kada kuma ka riƙe shi ta hannun da ya shanye. Kafaɗar sako-sako take, fizga ɗaya na iya jawo masa ciwon da zai daɗe. In zai faɗi, ka kama ɗamara ka jawo shi jikinka, ka zame da shi zuwa kujera ko ƙasa a hankali. Ba a ƙoƙarin ɗaga shi sama.

3. Fara daga zaune

Ya zauna a bakin gado ko benci, ƙafa a ƙasa, ba jingina, hannu a cinya. In ya kasa minti 2 a haka, awon yau ya ƙare, rubuta sakan nawa ya yi. In ya iya, ka ce, "Baba, tashi ka tsaya, ka gwada ba tare da dafa komai ba." Lura ko ya dafa, sau nawa ya yunƙura, ko sai da aka taimaka.

Mai shanyewar ɓarin dama sau da yawa magana kan yi masa wuyar fahimta. Kada ka ɗaga murya, ba kurma ba ne. Yi abin a gabansa ya kwaikwaya.

4. Tsayuwa mataki huɗu

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana amfani da shi wajen tantance tsofaffi masu haɗarin faɗuwa. Ido buɗe, ba sanda, kowane mataki sakan 10. Kana iya riƙe shi har ya daidaita ƙafa, sannan ka saki ka danna agogo.

Na farko, ƙafa biyu a haɗe gefe da gefe. Na biyu, a ɗan tura ƙafa ɗaya gaba, babban yatsan ta baya ya taɓa tsakiyar gefen ta gaba. Na uku, ƙafa ɗaya gaban ɗaya a layi guda, dunduniya na taɓa yatsu. Na huɗu, ƙafa ɗaya a sama. Yana iya buɗe hannu ko karkata jiki, amma da zarar ya ɗaga ƙafa daga wurinta ko ya kama wani abu, tsayar da agogo. In ya kasa mataki, kada ka wuce zuwa na gaba.

Wanda bai kai sakan 10 a mataki na uku ba yana cikin haɗarin faɗuwa. Ga mai shanyewar ɓari, rubuta wace ƙafa ce a baya, domin ta baya ita ke ɗaukar nauyi. Ni nakan gwada duka biyun in rubuta kowace daban.

5. Rufe ido, sannan soso

Likitan Jamus Moritz Romberg ne ya bayyana wannan alama a ƙarni na 19, a jikin masu ciwon laka da ke faɗuwa da zarar sun shiga duhu. Majinyaci ya haɗe ƙafa, hannu a gefe ko a naɗe a ƙirji, ido buɗe sakan 30. Sannan ya rufe ido, wani sakan 30.

Fassarar tana buƙatar natsuwa. In ya tsaya lafiya da ido buɗe, amma da rufewa sai ya yi baya ko ya taka, to da ido yake tsayuwa. Jin ƙafarsa ko ma'auniyar kunnensa sun gaza. Haka masu ciwon suga na shekaru suke, irin waɗanda za ka ji suna cewa, "Ji nikai kamar bisa auduga nika tahiya." Haka ma mai ƙarancin sinadarin B12 da wanda kuturta ta taɓa. In kuwa tun ido buɗe ya kasa haɗe ƙafa, yana rangaji ta ko'ina, ƙafa a wage, hankalinka ya tafi ga ƙaramar ƙwaƙwalwa. Wannan ba a rubuta masa cewa gwajin Romberg ya kama shi, domin ba rufe ido ne ya kayar da shi ba. Ɗan layi kaɗan bayan rufe ido kowa ma yana yi, gwada da kanka ka gani.

Sai soso. Shumway-Cook da Horak suka tsara wannan hanya a 1986, kuma gajeren nau'in da ake yi yanzu yanayi huɗu ne: ƙasa mai tauri ido buɗe, ƙasa mai tauri ido rufe, soso ido buɗe, soso ido rufe, kowanne sakan 30. Biyun farko ka riga ka yi su. Soso yana rikita labarin da ƙafa ke aikawa, saboda haka a yanayi na huɗu ma'auniyar kunne kaɗai ta rage. Wanda ya ci uku ya faɗi a na huɗu, a duba kunnensa na ciki. A wannan yanayi ne mutane ke faɗuwa babu gargaɗi, mataimakinka ya tsaya a ɗaya gefen.

Amfanin wannan a gida a fili yake. Mai tsayuwa da ido shi ne zai faɗi a hanyar masallaci da asuba, ko lokacin da aka ɗauke wuta, ko sa'ad da ya rufe ido yana wanke fuska. Wanda soso ya kayar, rairayin tsakar gida da kunyar gona za su ba shi wahala. In ba ka da soso, ninka bargo mai kauri gida huɗu, amma ka rubuta cewa bargo ne, kada ka gwama lambarsa da ta soso.

6. Sikeli biyu

Ajiye su gefe da gefe a ƙasa mai tauri. Fara tabbatar da sun yarda da juna, ɗora jarkar ruwa guda a kan wannan, sannan a kan wancan. Majinyaci ya hau, ƙafa ɗaya bisa kowane, ya dubi gaba. Kada ya ga lambobin. Jira sakan 10 ka karanta.

Mai lafiya kusan rabi da rabi yake rabawa. A ce mutum nauyinsa kilo 60, ƙafar lafiya ta nuna 40, mai rauni 20, to kashi 33 cikin 100 ke nan yake ɗora wa mai raunin. Bayan ka rubuta, ka ce ya matsa nauyi kan mai raunin iya ƙarfinsa, ka rubuta wannan ma. Babu lambar da 'yan uwa suka fi saurin ganewa kamar wannan, kuma tana ƙarfafa gwiwar majinyaci in ya ga tana hawa.

Akwai wasu masu shanyewar ɓari da ke tura kansu da ƙarfi zuwa gefen da ya shanye, in ka miƙar da su sai su ji kamar kana neman kayar da su. Akwai kuma waɗanda suka manta da ɓarin hagu ɗungurungum, abinci ma na gefen dama na kwano kaɗai suke ci. Waɗannan kada ka gwada su kai kaɗai.

In sikeli ɗaya gare ka, sa katako mai tsayi daidai da shi a ƙarƙashin ɗaya ƙafar, ka debe abin da ya nuna daga jimlar nauyinsa.

7. Miƙa hannu gaba

Pamela Duncan da abokan aikinta suka fito da shi a 1990. Manna tef a bango a kwance, daidai tsayin kafaɗar majinyaci. Ya tsaya gefen bango ba tare da ya jingina ba, ya ɗaga hannun da ke kusa da bangon ya miƙe sosai, ya dunƙule. Sa alli daidai ƙullin yatsan tsakiya. Ka ce, "Inna, miƙa hannu gaba iya iyawarki, amma kada ki ɗaga ƙafa." Sa alli na biyu inda ƙullin ya kai. Tazarar ita ce sakamako. Bari ya gwada sau biyu don sabo, sannan ka auna sau uku ka fitar da matsakaici.

Santimita 25 ko fiye, haɗari kaɗan ne. Tsakanin 15 da 25, haɗari ya ƙaru. Ƙasa da 15, haɗarin faɗuwa babba ne. Mai shanyewar ɓari da hannun lafiya zai miƙa.

Kura-kurai uku ake yawan yi. Majinyaci ya fara da kafaɗa a ja baya, sai tazarar ta yi tsawon ƙarya. Ko ya murɗa ƙirji ya tura kafaɗa ɗaya gaba. Ko ya goga hannu a bango yana samun tallafi. Duk wanda ya faru, a sake.

8. Fizga ta baya, ga mai Parkinson

Wannan sai wanda ya ga an yi a gabansa. Ka tsaya bayan majinyaci, bango na bayanka da tazarar mita 1 zuwa 2, don in ya faɗo kanka ku sami abin tarewa. Gaya masa za ka ja kafaɗunsa baya, kuma an yarda ya taka don ya tsare kansa. Ja na farko a hankali, na koyarwa ne, ba a ƙirga shi. Na biyu da sauri da ƙarfin da zai sa dole ya taka. Taku ɗaya ko biyu daidai ne. Uku ko fiye, ko ya taho gaba ɗaya sai ka tare, alama ce cewa ciwon ya taɓa tsayuwa.

Rubuta ƙarfe nawa ya sha levodopa, wato maganin Parkinson. Mai Parkinson awa ɗaya bayan magani da mai Parkinson da magani ya sake shi kamar mutum biyu ne, in ba ka daidaita lokacin ba za ka ga ci gaba ko koma baya da babu su. In majinyaci ya fi ka girman jiki nesa ba kusa ba, ka bar wannan gwajin.

9. Tashi, tafi, dawo

Podsiadlo da Richardson suka fito da wannan gwaji a 1991. Ja layi da alli mita 3 daga ƙafar kujera mai hannu. Yana zaune ya jingina. Da ka ce "tafi" ka danna agogo. Ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya dawo ya zauna. Tsayar da agogo idan ya zauna. An yarda ya riƙe sandarsa, ka dai rubuta. Sakan 12 ko fiye shi ne iyakar da hukumar Amurkan nan ta sa wa tsofaffi, wasu kuma 13.5 suke ɗauka. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Kalli juyawar da kyau, a nan ƙafar mai Parkinson ke manne wa ƙasa.

10. Ma'aunin Berg, in akwai lokaci

Katherine Berg ta Kanada ta wallafa shi a 1989, kuma shi ne aka fi amfani da shi ga masu shanyewar ɓarin jiki. Ayyuka 14 ne, kowanne maki 0 zuwa 4, jimla 56, yana cin minti 15 zuwa 20. Ayyukan su ne tashi daga zaune, tsayuwa minti 2, zama ba jingina minti 2, komawa zaune, sauya kujera, rufe ido sakan 10, haɗe ƙafa minti 1, miƙa hannu, ɗaukar abu daga ƙasa, waiwaye ta kowace kafaɗa, juyawa zagaye guda, ɗora ƙafa bisa matakala bi da bi sau 8, ƙafa gaban ƙafa, da tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Kada ka ba da maki da ka. Takardar ma'aunin kyauta ce a intanet, buga ta ka riƙe, domin kowane maki yana da sharaɗinsa na sakan ko santimita. In ka yi shakka tsakanin maki biyu, ba da na ƙasa. An saba ɗaukar ƙasa da 45 a matsayin alamar haɗari, amma kada ka mayar da 45 katanga, mai 47 ma yana faɗuwa.

Ma'aunin yana da gazawa ta fuska biyu. Wanda bai iya tsayuwa ba tukuna zai yi ta samun maki kaɗan ko da yana samun sauƙi, ga irinsa akwai wani ma'auni na masu shanyewar ɓari da aka fitar a Faransa a 1999, mai ayyuka 12 da maki 36, wanda ke farawa tun daga juyi a kan gado. Wanda kuma ya yi ƙarfi zai cinye 56 alhali yana tuntuɓe a kasuwa, domin Berg bai auna tafiya ba.

Akwai abin da babu shi a takardar kowa, ni kuma nakan ƙara a gefe ba tare da maki ba. Na ce ya yi ruku'u ya ɗago, ya sunkuya ya ɗauki buta cike da ruwa, ya tsallake dokin ƙofa, ya gwada tsugunno yana riƙe da wani abu. Waɗanda suka tsara ma'aunan nan kujera suke zama, masansu ma na zama ne. Mutanenmu a tabarma suke ci, a ƙasa suke sallah, masan tsugunno suke shiga. Mutum na iya samun 50 a Berg ya kasa tashi daga sujada.

11. Rubutu da maimaitawa

Ba sai ka yi duka goman a rana ɗaya ba, gajiya na ɓata lamba. In minti 10 gare ka, yi awon jini, mataki huɗu, rufe ido, da tashi-tafi-dawo. Bar shi ya zauna minti ɗaya ko biyu tsakanin gwaji da gwaji.

A littafinka kowane majinyaci ya sami shafinsa. Rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, da takalmi ko babu, da sanda ko babu, lokacin shan magani, ko yana azumi, wa ya auna, sannan lambobin. Kalmomin umarni ma su zama iri ɗaya kullum. In yau ka ce "tafi a hankali" gobe ka ce "yi sauri", gwaji biyu ka yi. Ka kuma roƙi 'yan rakiya su yi shiru. "Yi ƙoƙari Baba, saura kaɗan" yana sauya sakamako, ɗan da ke miƙo hannu daga nesa shi ma haka.

Sake aunawa bayan mako 2 zuwa 4 ga wanda ke kan gashi, wata 3 ga wanda ciwonsa ya daɗe ya zauna. Kada ƙaramin canji ya ruɗe ka. A ma'aunin Berg, ga mai shanyewar ɓari, sai bambanci ya kai wajen maki 6 kafin ka tabbata ba kuskuren awo ba ne. Daga 38 zuwa 40 ba abin yi wa iyali albishir ba ne tukuna.

Abin da za ka gaya wa 'yan uwa ya fito daga lambar, kuma ya zama abin da za su iya yi yau. Wanda rufe ido ya kayar, a ajiye masa tocila a gefen shimfiɗa, a raka shi asuba da isha. Wanda bai miƙa santimita 15 ba, a matso masa da buta da ruwan sha kusa, a kafa ƙarfe ko gungume mai ƙarfi a bayan gida, ko a huda kujera a ɗora bisa masai. Wanda bai iya tashi daga ƙasa ba, ya yi sallah a zaune har zuwa awo na gaba, addini ya ba shi wannan rangwame. Wanda ya kasa mataki na biyu a gwajin tsayuwa mataki huɗu, kada a bar shi ya tsaya shi kaɗai ko na minti ɗaya.

In lambobi suna sauka awo biyu a jere ba tare da zazzaɓi ko sauyin magani ba, ko wanda a da yake tsayuwa ya daina, rubuta takarda zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, ka kwafe lambobin da kwanakinsu a ciki, ka ba ɗan rakiya ya tafi da ita tare da kwalayen magungunan duka.